Darar Bene Uku

Akokan, watan Oktoba

Zuwa ga Yaya Zinatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya Damagaram, ya karatun ungozoma? Ki gaishe mini da Baffa Inuwa da Inna Hadiza da yaran gida. Mu nan lafiya lau, sai tarin Baba da ke tashi da safe ya lafa in rana ta yi. Inna ta ce in gaya miki ƙafarta ta yi sauƙi, kada ki sake aiko da man nan mai wari.

Littattafan sun iso ta hannun Mano direban bis. Na gode, Allah ya bar zumunci. Na biyun sau biyu na karanta shi, saboda wurin da yarinyar ta tsaya bayan ƙofa tana jin muryarsa ta kasa fitowa. Ni ma da haka zan yi. Kin ce me ya sa ba na kiranki a waya kamar kowa. Yaya, waya ɗaya ce a gidan nan, ta Baba, kuma da na karɓe ta kowa zai miƙo kunne. A takarda bakina ya fi buɗewa.

Kin tambayi halin da Baba yake ciki. Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinin da yake aiki bara, zaman zaure yake yi da rediyo a kan cinya. Rabin layinmu sun koma Maraɗi da Tawa, wasu gidajen har ƙofofinsu an cire. Abokinsa Ghissa, wanda suka yi aiki tare a ƙarƙashin ƙasa, yanzu kamiyo yake ja, babbar motar kaya, zuwa wurin haƙar zinariya a Cibarakaten. Duk zuwansa sai ya ce wa Baba ya zo su tafi, wai can ana neman waɗanda suka san rami. Likita kuwa ya riga ya ce ƙirjin Baba ba zai sake ɗaukar ƙurar rami ba. Baba ba ya cewa to, ba ya cewa a'a. Wannan shirun ne yake hana ni sukuni.

Yanzu ga abin da nake jin kunyar faɗa. Na fara rubuta nawa labarin. Kada ki yi dariya. A wata ƙasa yake faruwa wadda ni na ƙirƙira, sunanta Zamandu. Mutanenta hawa uku suke zaune: masu haƙar rijiya a ƙarƙashin ƙasa, masu raƙuma a kan rairayi, masu shaho a kan duwatsu. Suna da wani wasa da suke kira Kirwala, kuma a can ba a sauraron maganar saurayi sai ya zauna ya buga shi da yarinyar a gaban mutane. Ba sai ya ci ba, so ake a ga yadda yake yi in an matsa masa. Saurayin labarin har yanzu ba shi da suna, duk wanda na sa masa sai in ji kamar wani na leƙo ni.

Da na zo rubuta wurin wasan sai na kasa, don ban san yadda ake buga shi ba. Shi ne na samo kwalin sukari guda uku, na zana musu gidaje da bik, wato biro, na ɗora su bisa juna a kan gwangwanayen tumatir. Ɓangare ɗaya ƙwallon dabino, ɗaya marfin kwalba. Ina tsakar gida bayan la'asar ina bugawa ni kaɗai, ina yin yarinyar ina yin saurayin, sai na ga inuwa a kaina. Baba ne. Kin san ni ce 'yar fari, bai taɓa kiran sunana ba, in zai yi mini magana ta wajen Inna yake bi. Ya juya ya ce mata, "Mairamu, wannan kuma mene ne?"

Inna ta ce, "Ga mai shi nan a gabanka, ni ina na sani."

Ya tsuguna ya daɗe yana leƙen kwalin ƙasa. Can ya ce, "Waɗannan na ƙasan, da me suke numfashi?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To sun mutu tun ɗazu." Ya karɓi bik ɗin ya huda kwalin tsakiya a wurare biyu, ya ce ga hanyar iska. In abokin wasa ya zauna a kan hudar, duk wanda ke ƙarƙashinta ya fita daga wasa. Daga nan ya ja tabarma ya ce in nuna masa yadda raƙumin yake tafiya.

Yaya, har aka kira magariba muna zaune fuska da fuska. Ban taɓa jin yawan maganarsa haka ba. Ban gaya masa daga labarin soyayya wasan ya fito ba, ke ma ki rufa mini asiri.

Ƙanwarki,
Siddiƙa

*

Damagaram, watan Nuwamba

Siddiƙa 'yar ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Baba da Inna suna amsawa, sun ce a gaishe da Baffa Halidu da jiki. Ni kam asibiti ya cinye ni, makon nan haihuwa ta yi yawa kamar an yi shela.

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, amma ta jin daɗi ce. Wato duk littattafan da nake aiko miki ba su ishe ki ba sai da kika gina ƙasa taki. Saurayin nan marar suna, ki tabbata dai a Zamandu yake, ba a lisen Arlit ba, sakandarenku. In a lisen yake ni za a fara gaya wa.

Batun tarin Baffa, kada ku saba da shi har ku daina jinsa. Ki duba mini ko yana fitar da jini, ko yana zufa cikin barci, ki tambayi Inna Mairamu ta fi ki sani. Maganar zinariya kuwa ko kusa. Na ga waɗanda ake kawowa daga can, ban son in ba ki labari. Duk abin da zai riƙe shi a gida ki riƙe shi da kyau, ko da kwali da gwangwani ne.

Ga littafi biyu, ɗayan bangonsa ya cire amma cikinsa lafiya. Ki yi karatun makaranta ma, ba na Zamandu kaɗai ba.

Yayarki,
Zinatu

*

Akokan, watan Disamba

Yaya Zinatu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sanyi ya shigo sosai, da safe ruwan randa kamar ƙanƙara. Na tambayi Inna, ta ce babu jini babu zufa. Saurayin kuma a Zamandu yake, wallahi, ki daina.

Ina rubutu da sauri don Mano ya ce ba zai jira ni ba. Abin da ya faru ba za ki yarda ba. Wasan ya bar gidanmu. Baba ya yi masa sabon jiki na katako, hawa uku da ƙafafu, ya shafa fenti, sama fari, tsakiya ja, ƙasa baƙi. Ya ɗauke shi ya kai fadarsu ta bakin shagon tela, inda tsofaffin ma'aikatan rami suke zaman shayi. Sun ƙi sunan Kirwala, wai ya yi kama da sunan magani, su Darar Bene suke cewa. Na ji haushi kaɗan amma na haƙura.

Yanzu da ya karya kumallo sai fada, ba ma ganinsa sai azahar, ya ci abinci a tsaitsaye ya koma. Mutane har layi suke yi. Ran nan na wuce zuwa pampo na hango su sun yi da'ira, wani ya kwanta a ƙasa yana leƙen hawan ƙasa, hularsa ta faɗi bai sani ba. Na ji muryar Baba yana cewa, "Ghissa, shekara nawa ina fito da kai daga rami, yau ni za ka toshe wa iska?" Ghissa ya ce, "Halidu, can aiki ne, nan yaƙi." Duka suka fashe da dariya. Na tsaya bayan katanga da bokiti har hannuna ya gaji.

Wanda aka cinye shi ke biya, haka dokar fadar take. Makon nan kuwa Baba ya biya har ya gaji, don Ghissa ya gane kan wasan, kullum sai ya cinye shi. Inna tana ta mita, ta ce in aka ci gaba haka gidan nan zai koma babu komai. Rediyon ma Baba ya sayar da ita. Ni murna na yi, don ganinsa da ita a cinya ba ya yi mini daɗi.

Abin da ya fi komai, kamiyon Ghissa ya je Cibarakaten ya dawo kuma ban ji an tayar da maganar tafiya ba. In Baba ya dawo da yamma yakan tsaya kusa da inda nake wanke-wanke ya ce wa iska, "In shaho ya sauko kan raƙumi, yana iya komawa sama a take?" Ni kuma in ce wa kwano, "Sai ya jira bugu ɗaya." Ya ce, "Haka na ce musu." Ya wuce.

Labarina ya tsaya cak. Duk sanda na zaunar da yarinyar da saurayin a gaban wasan, sai in ji saurayin yana magana da muryar Ghissa.

Mano yana ta hon. Ki gaida kowa.

Siddiƙa

*

Damagaram, ƙarshen Disamba

Siddiƙa,

Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Zan tafi kai tsaye ga magana don takardarki ta tayar mini da hankali.

Ke yarinya ce, kina ganin dariya kina murna. Ni na sake karanta abin da kika rubuta a nitse. Maza marasa aiki sun taru tun safe har yamma a kan wasa, wanda aka cinye yana biya, Baffa yana ta biya, an fara sayar da kayan gida, Inna Mairamu tana kuka da cewa gida zai ƙare. Siddiƙa, wannan caca ce. Haka take farawa, ba wanda yake kiranta da sunanta ranar farko. A unguwarmu akwai wanda ya fara da karta ta wasa, yau matarsa tana gidan iyayenta.

Ba laifinki ba ne, ke wasa kika ƙirƙira. Na yi ta tunanin in kira Inna Mairamu, amma wayar a hannun Baffa take. Don haka na gaya wa Baba. Shi ne babba, shi ya riƙe Baffa Halidu tun rasuwar Kaka, maganarsa kaɗai zai ji. Ban ambaci sunanki ba, na ce labari ne ya zo mini. Ya ce zai kira shi.

Kada ki ji haushina. Gara a tare abin tun yanzu.

Zinatu

*

Akokan, watan Janairu

Yaya Zinatu,

Ina gaisuwa. Ban samu amsarki ba har yanzu, an ce bis ɗin Mano ya lalace a hanyar Agadas. Ba zan iya jira ba, dole in gaya wa wani, kuma ke kaɗai gare ni.

Lafiyar jiki muna da ita, sauran babu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa Inuwa ya kira. Kin san wayar Baba, in ana magana har maƙwabta suna ji. Da Baba ya ga sunan sai ya miƙe daga kujera ya tsuguna, kamar Baffa yana gabansa. Ba a gama gaisuwa ba Baffa ya fara. Ya ce, "Halidu, abin da ka koma ke nan? Da furfurarka, da 'ya budurwa a gida, ka zama ɗan caca a bakin titi? Har kayan ɗaki kake sayarwa? In aiki ya ƙare, mutunci ma ya ƙare ne?"

Na jira Baba ya yi bayani. Yaya, kalma ɗaya ta isa. Abin da ake biya a fadar nan sukari ne da ganyen shayi. Tun suna aikin rami haka suke, wanda ya makara ko aka kayar da shi a gardama shi zai kawo sukari ya zauna gaban gawayi ya dafa wa kowa, shi ma ya sha. Ko dala ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Daga gwangwanin Inna yake ɗiba, shi ya sa take mita, kuma tana mitar tana dariya. Rediyo kuwa katako da fenti ya saya da kuɗinta.

Amma Baba bai ce ko ɗaya ba. "To, Yaya. Na ji, Yaya. Allah ya huci zuciyarka. Ba za a sake ba." Shi ke nan. Da aka kashe wayar Inna ta ce, "Malam, me ya hana ka gaya masa gaskiya?" Ya ce, "In ce masa ƙarya yake yi? Mutumin da ya goya ni?" Ta ce ai ba ƙaryata shi ba ne. Ya ce, "Ya faɗi ɗaya da ba gaskiya ba, ya faɗi ɗaya da gaskiya ce. Namiji ba ya wuni a kan wasa iyalinsa suna jiran abin da matarsa ta soya ta sayar."

Da la'asar ya je fada ya ɗauko katakon, ya kwance ƙafafun, ya jingina hawa ukun a bayan ɗakin girki, fuskarsu na kallon bango. Mutanen fada sun yi ta aike, bai fita ba. Washegari da kansa ya je gidan Ghissa. Ya dawo ya ce wa Inna ta fito masa da hular ƙarfensa da fitilar goshi da takalman aiki. Zai bi kamiyon tafiya mai zuwa, ƙarshen wata.

Inna ta tuna masa maganar likita, ya ce likita ba shi ke ciyar da gidan ba. Ghissa da kansa ya zo ya ce, "Halidu, da ina kiranka ne don na ga zaman yana kashe ka. Yanzu ban so. Ramukan can ba irin namu ba ne, igiya ce da guga, ba hanyar iska." Baba ya ce ya riga ya yanke.

Tun ranar bai sake tsayawa kusa da wanke-wankena ba. Ina ta tunanin wane ne ya kai wannan magana Damagaram. Inna tana zargin matar tela. Duk wanda ya yi, ban san me Baba ya yi masa ba.

Na ajiye bik a nan na je aike, na dawo na tarar Mano ya kawo takardarki. Na karanta.

Ba zan goge abin da na rubuta a sama ba. Ni na rubuta miki "biya" ban ce sukari ba, don ina sauri kuma na ɗauka kowa ya san haka ake yi. Amma da kin tambaye ni, Yaya. Layi ɗaya ne.

Siddiƙa

*

Damagaram, watan Janairu

Ƙanwata,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Na karanta takardarki a tasha a tsaye, na zauna a kan buhun wani ban sani ba sai da ya yi magana. Na yi kuskure. Na ga abin da na saba gani a nan na ɗora wa Baffa, ban tambaya ba. Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya yanzu ba zan jira.

Na je wurin Baba na faɗa masa komai, har sukarin. Na ga abin ya taɓa shi. Amma kin san shi. Ya ce, "To, alhamdu lillahi da ba caca ba ce." Na ce ya kira Baffa ya gaya masa haka. Ya ce babba ba ya bin ƙaninsa da ban haƙuri, Halidu ya san ba ya nufinsa da sharri. Da na kawo maganar zinariya sai ya ce neman halal ba abin hanawa ba ne. Bai taɓa jin tarin ba, Siddiƙa, shekarunsa nawa rabonsa da Arlit. Na yi masa bayani irin na asibiti, ya ce rai na hannun Allah. Inna tana ci gaba da lallaɓa shi, amma ƙarshen wata ya matso.

Na kira Baffa Halidu da kaina. Ya amsa mini da fara'a, ya tambayi karatu, da na fara maganar ya ce, "Zinatu, ba komai, Allah ya yi miki albarka," ya miƙa wa Inna Mairamu wayar.

Saura ke. Na san abin da za ki ce, 'yar fari ba ta tsayawa gaban uba ta ce masa kada ya yi. Amma a cikinmu duka ke kaɗai ya zauna da ke wuni guda yana tambaya kina ba shi amsa. Ban san yadda za ki yi ba. Ban aiko da littafi ba wannan karon, na ga ba lokacinsa ba ne.

Yayarki mai laifi,
Zinatu

*

Akokan, farkon Fabrairu

Yaya Zinatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ki gaishe da Baffa da Inna Hadiza. Na yafe miki, tun kafin takardarki ta zo ma na gaji da fushin, ba ni da wanda zan ba labarinsa in ba ke ba.

Na yi ta shirya maganar da zan yi wa Baba. A raina tana fitowa da kyau, irin ta littafi, har da hawaye a inda ya dace. Da na hango shi sai ta watse. Sau da yawa na kai masa ruwa na tsaya, ya ɗago, in ce, "Ko a ƙaro?" in gudu.

Ana gobe tafiya, jakarsa tana bakin ƙofa a ɗaure, hular ƙarfen a kai. Bayan la'asar yana zaune a tabarma yana gyara igiyar fitila. Katakon ban isa in taɓa ba, amma kwalayena na farko suna ƙarƙashin gado. Na fito da su da gwangwanayen, na jera a gabansa, hawan sama ya zame na sake ɗorawa. Na zauna na tura raƙumi ɗaya.

Bai kalle ni ba. Ya ce wa Inna, "Na yi wa Yaya alkawari."

Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Alkawarin caca ka yi. Nan tsakar gidanka ne, wannan kuma 'yarka ce. Me za ta ci a wurinka, tarin?"

Ya yi kamar zai yi dariya ya fasa. Ya ajiye fitilar ya tura nasa.

Bari in gaya miki yadda wasan yake don ki gane abin da na yi. Kowa yana da rijiya a hawan tsakiya, wanda aka kama tasa an cinye shi. Ana iya kama ta daga sama da shaho, ana iya ɓullo mata ta ƙasa da mahaƙa. Ƙofofin sauka ƙasa suna kusurwoyin hawan tsakiya. Raƙuma su ne masu gadin rijiya, ba mai hankalin da zai raba su da ita. Baba kuma kullum ta ƙasa yake zuwa, ko a fada an san shi da haka, shahonsa har ƙura yake yi.

Na kwashe raƙumana duka daga bakin rijiya. Ɗaya bayan ɗaya na kai su kusurwa, kowanne ya zauna a kan ƙofar sauka. Ya turo mahaƙinsa ya tarar a toshe, ya zagaya wata ya tarar na riga shi. Ya ci mini shaho, ban rama ba. Ya ci wani, na ƙyale. Mahaƙansa suna ta yawo a tsakiya ba wurin shiga.

Ya ɗaga hannu daga wasan. Ya ce, "Wa ya koya miki wannan? Rijiyarki a buɗe take."

Na ce, "Na sani, Baba."

"Shaho ɗaya ya ishe ni."

"Ka ci."

Ya dube ni, ni ɗin, ba Inna ba, ba bango ba. Ban san inda na samo bakin ba, na ce, "Ka ci komai. Ni dai kada ka sauka."

Tankaɗen Inna ya tsaya. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙwallon dabino, ina jin kunnuwana suna zafi. Tari ya zo masa ya wuce. Sannan ya ce, a hankali, "In na zauna, me za ku ci?"

Inna ce ta ce, "Abin da muka ci jiya. In ka tafi aka dawo mana da hula, me za mu ci?"

Ya sa hannu ya ɗauki shahonsa daga hawan sama ya sauke a kan rijiyata. Ya ce, "An cinye ki." Ya miƙe ya yi alwala ya tafi masallaci. Da ya dawo jakar tana nan a ɗaure, ba a taɓa ta ba. Na tattara kwalayena na ce shi ke nan, na yi abin kunya a banza.

Da safe bayan an idar da salla muka ji kamiyon ya tsaya a bakin layi. Baba ya saɓa jakar, ya ɗauki hular da fitilar ya fita, bai yi sallama da kowa ba. Inna ta shiga ɗaki ta ja labule. Ni na tsaya a zaure ina leƙe ta tsagar ƙofa. Bayan motar cike da samari a kan jarkoki da buhuna, sun naɗe fuska saboda sanyi. Baba ya tsaya wajen tagar Ghissa suna magana, ban ji me suke cewa ba. Na ga Ghissa ya miƙo hannu ya dafa kafaɗarsa. Sai Baba ya zagaya baya, ya duba samarin, ya miƙa wa wani dogo hular da fitilar. Ya nuna masa yadda ake ɗaure igiyar a haɓa, ya sa shi ya kwance ya sake ɗaurawa da kansa. Motar ta tashi. Ya tsaya a titi da jakar har ta sha kwana.

Na ruga na koma wajen murhu kamar tun ɗazu ina can. Ya shigo ya ajiye jakar a inda take da. Bai kalle ni ba, kuma na gode da bai kalla ba.

Ban san me zai biyo baya ba. Aiki dai babu, katakon yana bayan ɗakin girki, fada kuma bai koma ba, ya ce sai ya yi magana da Baffa da bakinsa. Ghissa ya ce masa akwai mai gareji a Arlit da ke neman wanda ya san injin iska, ko za a dace ko ba za a dace ba, Allah ne masani. Amma a safiyar nan ya tsaya a bakin labulen ya yi gyaran murya, ya ce, "Mairamu, in kin ɗora tukunya ki sa da ni."

Inna daga ciki ta ce, "In ban sa da kai ba, da wa zan sa?"

Ki turo littafin in kin samu mai zuwa. Allah ya sada mu cikin alheri.

Taki har kullum,
Siddiƙa